Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗaukar Hoton Gadar Carter da Sawun Jirgin Ƙasa a Bakin Ruwan Legas

Waɗannan tambayoyi sun taru ne daga bakin matasa masu sha'awar ɗaukar hoto, yawancinsu 'yan'uwanmu mazauna Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende, waɗanda suke son su wuce hoton biki da na suna su fara ɗaukar gine-ginen tarihi. Na zaɓi in tsaya kan wuri guda, wato mashigar ruwan da ke tsakanin Iddo da tsibirin Legas, inda Gadar Carter take, domin a nan ne jirgin ƙasa da ruwan teku suka fara haɗuwa a ƙasar nan, kuma a nan ne mai kyamara yake gane cewa ruwa da lokaci sun fi tsadar kayan aikinsa tasiri a kan hoton da zai koma gida da shi.

Shin Gadar Carter gadar jirgin ƙasa ce? Ai motoci kawai muke gani a kanta.

A yau motoci da masu tafiya a ƙasa ne kawai ke hawanta, amma asalinta yana ɗaure da jirgin ƙasa. An buɗe gadar farko a shekarar 1901, shekarar da layin dogo daga Legas ya isa Ibadan, aka kuma sa mata sunan Gilbert Thomas Carter, wanda ya yi gwamnan Legas daga 1891 zuwa 1897. Babban layin dogo bai taɓa shiga tsibirin Legas ba. A tashar Iddo yake tsayawa. Saboda haka a 1902 aka shimfiɗa wani siririn layi na ƙaramin jirgi mai aiki da tururi, wanda yake kwasar fasinja da kaya daga Iddo, ya bi ta kan gadar, ya shiga cikin tsibiri. Ɗaukar fasinja a wannan ƙaramin jirgi ya tsaya gab da yaƙin duniya na farko, abin da ya rage na layin a cikin gari kuwa ya ci gaba da aikin kwashe ƙazanta har zuwa 1933.

Akwai abin da ya wajaba mai ɗaukar hoto ya riƙe a nan. Gadar da ke tsaye yanzu ba ita ce ta 1901 ba. An maye gurbin ta farko da wata a farkon shekarun 1930, sannan a shekarun 1970 aka sake gina wadda muke hawa a yau da kankare. Abin da ya tsufa shi ne mashigar da sunanta, ba ginshiƙan da ido ke gani ba. Duk wanda ya rubuta a ƙarƙashin hotonsa cewa wannan gini ya haura shekara ɗari, ya yaɗa kuskure, kuma kuskuren da aka liƙa wa hoto mai kyau yakan yi nisa fiye da gyaransa.

Me ya haɗa Bahaushe da wannan wuri har zai ɓata lokacinsa a kansa?

Layin dogo ya isa Kano a 1911, kuma bayan an kammala gadar Jebba a kan kogin Kwara a 1916, jirgi ya samu damar tahowa daga Kano har Iddo ba tare da an tsallakar da taragu a kan ruwa ba. A wancan zamani, wanda ya taso daga Arewa zai zo Ikko, ko fatake ne masu neman goro, ko masu rakiyar shanu, ko ɗalibi, ko mai neman aiki, a Iddo yake sauke ƙafarsa, kuma idan cikin gari ya nufa, wannan gada ce take tsallakar da shi zuwa Idumota. Kakannin da yawa daga cikinmu a nan suka fara ganin ruwan da ke cika ya janye da kansa ba tare da an yi ruwan sama ba. A ganina wannan kaɗai ya isa dalili. Hotunan wurin da aka ɗauka a zamanin da, da yawansu baƙi ne suka ɗauka da idon baƙo, kuma lokaci ya yi da jikokin waɗanda suka sauka a tashar za su ɗauki nasu.

Akwai kuma dalili na gaggawa. A shekarar 2025 ma'aikatar ayyuka ta tarayya ta bayyana cewa tushen gadar da ke ƙarƙashin ruwa ya lalace ƙwarai, har aka yi maganar rushe ta a gina sabuwa. Wanda yake son hotonta a yadda take yanzu, kada ya yi ta ɗage ranar fita.

Idan ina son jirgin ƙasa na gaske ya fito a hoton yana tsallake ruwa, ina zan nufa?

Layin Blue Line na gwamnatin jihar Legas, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumba na 2023 tsakanin Marina da Mile 2, yana tsallake ruwan a kan gadarsa ta sama a kusa da Gadar Eko. Jirgi ne mai aiki da lantarki, kuma tunda yana da jadawali, ana iya zama a jira shi. Hoton da ya fi burge ni a wannan yanki shi ne wanda ya haɗa sabon jirgin a sama, kwale-kwalen masunta a ƙasa, da tsohuwar mashigar a gefe, domin a cikin hoto guda ana ganin hanyoyi uku da mutanen garin suka bi suka tsallake ruwa ɗaya.

Wanda kuma tsohon tarihin reluwe yake so ya gani kusa da kusa, sai ya je harabar ma'aikatar jirgin ƙasa a Ebute Metta, inda gidan Jaekel yake, wani tsohon gini na ƙarshen ƙarni na 19 da aka gyara aka mayar ƙaramin gidan tarihi. Ina ba da shawarar a fara da can kafin a je bakin ruwa, saboda tsofaffin hotunan da ke ciki suna koya wa ido abin da zai nema.

Mene ne wannan cikowa da janyewar ruwa, kuma me ya sa kuke yawan nanata shi?

Ruwan da ke ƙarƙashin gadar ba kogi ba ne, ba kuma teku ba ne tsantsa. Lagun ne, wato babban tafki da koguna irin su Ogun ke zuba ruwan daɗi a cikinsa, yayin da teku ke turo ruwan gishiri ta mashigar da jiragen ruwa ke bi zuwa Apapa. Jan da wata da rana suke yi wa ruwan teku shi ke sa ya ciko sau biyu ya janye sau biyu a kusan kowace rana. Tsakanin cikowa ɗaya da mai bi mata akwai kimanin awa 12 da minti 25, shi ya sa lokacin yake jinkirta da kusan minti 50 kullum. Idan yau ruwa ya cika da ƙarfe bakwai na safe, gobe sai wajen takwas saura, bayan mako guda kuwa a wannan sa'ar ruwan a janye za a same shi.

A nan wanda yake bin lissafin watan Musulunci yana da sauƙin da wasu ba su da shi. Cikowa mafi girma da janyewa mafi nisa suna zuwa ne a kwanakin farko na tsayuwar wata da kuma kwanakin da ke bin daren sha huɗu. A wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu gare shi, bambancin yakan ragu, ruwan ya yi sanyin jiki. Bugu da ƙari, sa'ar da ruwa ke cika a wata rana ta wata takan dawo kusan daidai a irin wannan rana ta watan gaba. Saboda haka idan ka lura ruwa ya cika bayan sallar asuba ranar uku ga wata, ka rubuta ka ajiye, domin za ka sake samun haka a wajen uku ga wata mai zuwa, har ma da wajen sha takwas ga wannan watan. Wannan ɗan littafin lura da mutum ya rubuta da hannunsa ya fi masa amfani a kan jadawalin da ke intanet, domin jadawalin na bakin teku ne, ruwan cikin lagun kuwa yana biyo baya da ɗan jinkiri.

Bambancin tsayin ruwa a Legas ba shi da yawa. A bakin teku bai cika wuce mita ɗaya ba, a ciki ma ya fi haka ƙanƙanta. Kada wannan ya sa a raina shi. Gaɓar lagun shimfiɗaɗɗiya ce, don haka ɗan saukar ruwa kaɗan yana tone fili mai faɗi na baƙin laka, da tarkacen roba, da gindin ginshiƙai masu ɗauke da ƙananan kifayen ɓawo da gansakuka. Wuri ɗaya, awa shida tsakani, sai ka ce garuruwa biyu ne.

To wanne ya fi kyau, ruwa a cike ko a janye?

Ya danganta da abin da kake son hoton ya faɗa. Idan inuwar gadar kake so ta kwanta a kan ruwa kamar a madubi, ka nemi lokacin da ruwa ya gama cika bai fara komawa ba, domin a wannan ɗan taƙi igiyar ruwa takan lafa, kuma idan ya dace da sassafe kafin iskar teku ta taso, to an dace sau biyu. Tsakiyar cikowa da tsakiyar janyewa su ne lokacin da ruwa ya fi gudu a tsakanin ginshiƙai, inuwa ta tarwatse, amma a lokacin ne ake samun zanen da ruwa ke yi a bayan kowane ginshiƙi, wanda ke nuna ƙarfin abin da gadar take tsaye a cikinsa.

Ruwa a janye ba shi da farin jini wurin masu neman hoton da zai sha yabo, amma ni ina ganin ya fi faɗin gaskiya. Shi ne ke nuna layin da ruwa ya zana a jikin kankare, da inda gishiri ya ci, da sharar da garin ke zubarwa. Mai son adana tarihi ya ɗauki duka biyun daga wuri ɗaya, da tsayi ɗaya, a rana ɗaya.

Wane lokaci na yini ne haske ya fi dacewa?

Gadar ta miƙe ne kusan daga arewa zuwa kudu, Iddo a arewa, Idumota a kudu, Gadar Eko tana yamma da ita, Gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 kuma tana gabas. Ma'anar wannan ita ce hasken safe yana dukan gefenta na gabas, na yamma kuma yana dukan ɗaya gefen. Wanda ya tsaya a gabas da safe zai samu gadar a haske da dukkan bayananta, wanda kuma ya tsaya a gabas da yamma zai same ta baƙa a gaban jan sararin sama.

Legas tana kusa da tsakiyar duniya, saboda haka rana tana fitowa tsakanin kusan shida da rabi da bakwai duk shekara, tana kuma faɗuwa a irin wannan tazara da yamma. Abin da ke yaudarar mutane shi ne gajartar almuru. Littattafan koyon hoto da aka rubuta a Turai suna maganar dogon lokaci na laushin haske bayan faɗuwar rana, mu kuwa a nan minti ashirin da 'yan kai ne sai duhu. Wanda ya iso ana kiran magariba sannan ya fara kwance jaka, ya makara. Daga ƙarfe goma na safe zuwa la'asar haske yana saukowa daga sama kai tsaye, ƙarƙashin gada ya yi baƙi ƙirin, ruwa ya yi fari fat, kuma babu gyaran kwamfuta da zai dawo da abin da ya ɓace.

Damina ko rani?

Kowanne da rabonsa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yakan sauko har Legas, ya lulluɓe nesa, rana ta zama jan faifai da ake iya kallo. Bayanai suna ɓacewa, amma gadoji uku suna jeruwa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta fi ta gabanta dusashewa, kuma wannan hoto ne da ba a samunsa a wani lokaci. A damina, musamman bayan an ɗauke ruwa da yamma, iska takan wanke tas, gizagizai su yi tsibi-tsibi, launuka su fito. Zuwa ƙarshen damina, da ruwan koguna ya rinjayi na gishiri, ciyawar ruwa mai kama da kainuwa takan mamaye lagun, wani lokaci har ta toshe wa jirage hanya, sai rani ya shigo gishiri ya dawo sannan ta mutu. Korenta yana ƙawata hoto, amma yana kashe inuwar gada gaba ɗaya.

Daga ina ya kamata in tsaya?

Gaɓar tsibiri wajen Ebute Ero tana ba da kallon gadar daga ƙasa, tare da jirage da 'yan kasuwa a gaba. Wuri ne mai cunkoso, kuma kowane taku a can yana da mai shi, ko da ba a rubuta ba. Ka yi sallama, ka gaida na gaba da kai, ka faɗi abin da ya kawo ka kafin ka fito da kyamara. Idan ka samu wani dattijo mai shago ya ce ka tsaya a gefensa, ka samu inuwar da ta fi kowace takarda amfani a wannan wuri.

Tsayawa a kan gadar kanta ba ya ba da hoton gadar, sai dai hoton abin da ake hange daga gare ta, kuma tana rawa duk lokacin da babbar mota ta wuce, abin da ke ɓata duk hoton da aka bar idon kyamara a buɗe na tsawon lokaci. Kada a kuskura a tsayar da mota a kan Gadar Eko ko Third Mainland don ɗaukar hoto. Benayen da ke kusa da Idumota suna da kallo mai kyau daga sama, amma sai da yardar masu su.

Kallon da ya fi duka yana kan ruwa. Daga cikin jirgi ne ake ganin jerin ginshiƙai suna tafiya har su haɗe a nesa. A hau daga tashar jirgin ruwa da hukuma ta sani, a sa rigar kariya tun kafin a taka jirgin kamar yadda LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas, ta wajabta, a kuma dawo kafin duhu.

Waɗanne kayan aiki nake buƙata, kuma yaya zan saita kyamara?

Kyamara kowace iri, gilashi mai faɗin gani guda, mai jawo nesa guda, da sanda mai ƙafa uku. Gilashi mai jawo nesa shi ne mutane suka fi mantawa da shi, alhali shi ne ke matso da gadojin kusa da juna ya tara su a hoto ɗaya. Filta mai kashe ƙyallin ruwa tana da amfani da rana, amma a tuna tana iya share inuwar gadar da aka zo nema, don haka a riƙa juya ta ana dubawa.

A kan ƙasa, da kyamara a bisa sanda, a bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100, a sa buɗewar idon gilashi a f/8 ko f/11, domin na kusa da na nesa su fito daram. Idan ana son ruwa ya yi sumul kamar an shafe shi, sai a bar shota, wato ƙofar da ke barin haske ya shiga kyamara, a buɗe na daƙiƙa 15 zuwa 30, abin da ke yiwuwa da almuru ba tare da ƙarin komai ba, da rana kuwa sai da filta mai rage haske. A irin wannan saiti fitilun motoci suna zama dogayen zare ja da fari a saman gadar. Idan jirgin ƙasa ake son tsayarwa cak, kada saurin shota ya gaza 1/500 na daƙiƙa. A cikin jirgin ruwa sanda ba ta da amfani ko kaɗan, domin girgizar inji take kawowa. A riƙe kyamara a hannu, a kai shota 1/1000, a ɗaga ISO gwargwadon buƙata, kada kuma a jingina gwiwar hannu a jikin jirgin. Wanda kyamararsa ke ɗaukar RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, ya yi amfani da shi, saboda tazarar da ke tsakanin hasken sama da duhun ƙarƙashin gada tana da girma.

Abu ɗaya da ba ya buƙatar kuɗi shi ne daidaita layin ruwa. Idon ɗan Adam yana yafe karkataccen bango, amma ba ya yafe ruwan da ya karkata.

Waya kawai gare ni. Zan iya?

Ƙwarai kuwa. Ka kunna layukan da ke raba allo, ka goge gilashin, ka taɓa wuri mafi haske a allon ka ɗan rage hasken, kuma ka guji jawo hoto da yatsa fiye da ƙarfin gilashin wayar. Wayar da ta zo a kan lokacin da ruwa ya lafa ta fi babbar kyamarar da ta zo da tsakar rana.

Ana buƙatar izini? Jami'an tsaro fa?

Gadoji, tashoshin jirgin ƙasa da tashar jiragen ruwa wurare ne da jami'an tsaro ke sa wa ido, kuma suna da dalilinsu. Ɗaukar hoto a cikin tashar Iddo ko harabar Ebute Metta yana buƙatar yardar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, na tashoshin Blue Line kuma yana hannun LAMATA, hukumar sufurin cikin birni ta jihar Legas. Idan aikin na kasuwanci ne, a rubuta takarda tun da wuri. Kada a juya kyamara wajen jiragen sojan ruwa ko cikin tashar Apapa. Jirgi marar matuƙi kuwa ba a tashinsa sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa da kuma amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma wanda bai da waɗannan ya bar shi a gida.

Idan jami'i ya tare ka, ka sauke kyamara, ka gaishe shi, ka nuna katin shaidarka da hotunan da ka ɗauka. Gardama a bakin ruwa ba ta taɓa ƙara wa hoto kyau ba. Hawa kan layin dogo haramun ne a wannan sana'a ko da ana ganin layin ya mutu, na Blue Line kuwa yana ɗauke da wutar lantarki a ƙasa kusa da dogon, taɓa shi halaka ne.

Mutanen da ke cikin hoton fa, masunta da 'yan dako da masu talla?

Su ne ke ba gadar girmanta, domin sai an ga mutum a gindin ginshiƙi ake sanin tsayinsa. Idan mutum ɗigo ne a nesa, babu damuwa. Idan fuskarsa za ta fito, a nemi yardarsa, idan ya ƙi a bar shi, idan ya yarda a nuna masa abin da aka ɗauka. Akwai masu kwana a ƙarƙashin gadoji saboda rashin muhalli, kuma ban ga dalilin da zai sa a mayar da halin da suke ciki kayan ado ba tare da saninsu ba. Mata da yara sun fi cancantar wannan kiyayewa.

Wane haɗari ne ba a cika faɗa wa sabon shiga ba?

Laka. Idan ruwa ya janye, filin da ya bari yana kama da ƙasa mai tauri, alhali yana iya haɗiye ƙafa har gwiwa, kuma a cikinsa akwai fasassun kwalabe da ƙarafa. Na taɓa kafa sanda a irin wannan wuri ina jiran almuru, hankalina duk yana kan sama, ban lura ruwa ya juyo ba sai da na ga ƙafa ɗaya ta sandar tana nutsewa kyamara tana karkata. Wani masunci ne ya yi mini tsawa ya nuna mini inda zan taka in fito. Tun daga ranar ba na sauka gaɓa sai na san ko ruwa tafiya yake ko dawowa, kuma ba na zuwa ni kaɗai. Mutum biyu sun fi: ɗaya yana kallon kyamara, ɗaya yana kallon jaka da ruwa.

Haɗari na biyu a hankali yake cin kaya. Iskar bakin ruwa tana ɗauke da gishiri da laima, kuma laimar Legas tana haifar da fumfuna a cikin gilashin kyamara, wadda idan ta yi yaɗo ba ta fita da shafa. Bayan kowace fita a goge jikin kyamara da ƙyalle mai ɗan danshi, a wanke ƙafafun sanda da ruwan famfo, a ajiye gilasai a cikin akwati mai rufuwa ruf tare da ƙwayoyin da ke shanye laima. Wanda ya fito daga mota mai sanyi ya bar kyamara a cikin jaka na ɗan lokaci kafin ya buɗe, in ba haka ba gilashin zai yi gumi a daidai lokacin da haske ya yi kyau.

Muna ganin hotunan wata jar gadar jirgin ƙasa ta Turai a kan ruwa. Za a iya samun irin wannan a nan?

Mai yiwuwa gadar Forth ake nufi, wadda ke kusa da Edinbura a Sikotilan. An buɗe ta a 1890, tsawonta ya kusa kilomita biyu da rabi, da ƙarfe aka yi jikinta, jirage suna bin ta har yau, kuma UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2015. Ruwan da ke ƙarƙashinta yana hawa da sauka da mitoci da dama, kuma a lokacin zafinsu almuru yana daɗewa. Ana iya koyon abubuwa daga hotunanta, musamman yadda ake sa duwatsu ko jirgin ruwa a gaba don hoton ya yi zurfi. Amma wanda ya je Ebute Ero yana neman irin wancan hoto zai dawo da takaici. Gadar Carter ba ta da ƙirar da za ta tsaya ita kaɗai ta cika hoto. Ƙarfinta yana cikin abin da ke kewaye da ita: jerin motocin danfo masu ruwan ɗorawa a sama, mata ɗauke da kaya suna gangarawa Idumota, jiragen yashi, hayaƙi, da hasumiyoyin masallatai da benaye a bayanta. Wanda ya yi ƙoƙarin share waɗannan don hoton ya yi tsaf, ya share Legas ɗin ne.

Bayan na ɗauka, me zan rubuta a ƙarƙashin hoton, kuma yaya zan adana shi?

Ka rubuta sunan gadar, da wurin da ka tsaya, da inda ka fuskanta, da kwanan wata na Bature da na Musulunci, da sa'a, da halin da ruwa yake ciki, ko a cike, ko a janye, ko yana tafiya. Idan ka kawo tarihi, ka bambanta mashigar da aka buɗe a 1901 da ginin da ke cikin hotonka. Idan ka yi gyara a kwamfuta, ka tsaya kan haske da launi. Cire ginshiƙi ko ƙara jirgin da bai wuce ba yana fitar da hoton daga sahun shaida. Ka ajiye asalin fayil ɗin a wuri biyu daban, domin Facebook da WhatsApp suna matse hoto su rage masa inganci, kuma abin da aka tura ta cikinsu ba ya maye gurbin na asali. Waɗanda suka fi maka kyau ka wanke su a takarda mai kyau, ka rubuta bayanin a bayansu da fensir, ka sa su a cikin akwatin da kake ajiye gilasanka, nesa da laima.